Jagora ga likitan dabbobi mai neman ƙwarewa a fannin abincin jinya na karnuka da kyanwoyi

Likitan dabbobi da ya kammala digirinsa ya san magunguna masu yawa, ya kuma san adadin da ake ba kowace dabba gwargwadon nauyinta. Amma idan aka tambaye shi yawan abincin da ya dace kyanwa mai ciwon ƙoda ta ci a rana, da adadin fosfaras ɗin da ke cikinsa, da abin da za a yi idan ta ƙi ci, sau da yawa amsarsa ba ta wuce sunan wani buhu ko gwangwani. Wannan giɓin ne horon ƙwarewa a fannin abincin jinya yake cikewa. Ana ɗaukar likita a zaunar da shi shekara biyu zuwa uku a ƙarƙashin ƙwararre, har ya saba da ɗaukar abinci kamar yadda yake ɗaukar magani, wato abu mai adadi, mai dalili, mai illa idan aka wuce gona da iri, wanda kuma dole a koma a duba ko ya yi aiki. Guraben wannan horo kaɗan ne ƙwarai, kusan dukkansu a Amurka da Kanada da Turai suke, kuma wanda bai tsara tafiyarsa tun da wuri ba yakan ɓata shekaru a kan abubuwan da da an faɗa masa tun farko da ya wuce su cikin sauƙi.

Mataki na farko: ka san hukumar da za ta ba ka shaida

Jami'a ce take ɗaukar ka aiki, amma ba ita take ba da shaidar ƙwarewa ba. A Amurka an kafa kwalejin ƙwararru ta fannin abincin dabbobi, wadda aka sani da ACVN, a shekarar 1988, kuma a 2021 ta shiga cikin babbar kwalejin likitocin cututtukan cikin jiki, wato ACVIM, inda fannin abinci ya zama na shida a gefen fannonin zuciya, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ciwon daji, da cututtukan cikin jiki na ƙananan dabbobi da na manya. A Turai kuwa kwalejin ECVCN ce take riƙe da wannan aiki, a ƙarƙashin hukumar EBVS mai kula da dukkan fannonin ƙwarewa na likitocin dabbobi a nahiyar. Tsarin Turai da aka saba shi ne shekara uku na horo bayan shekarar asibiti, wato shekara guda ta horon farko a asibiti, na Amurka kuma yakan kama daga shekara biyu zuwa uku, ya danganta da jami'ar da kuma ko an haɗa shi da digiri na biyu.

Kafin ka rubuta wa kowa wasiƙa, ka sauko da kundin ƙa'idojin kwalejin da kake nufi, na shekarar da kake ciki, ka karanta shi daga farko har ƙarshe. A nan ne za ka ga yawan makonnin da dole ka yi a asibiti ƙarƙashin ƙwararre, da sassan da dole ka zagaya, da irin rubutun da ake so ka buga, da wa'adin da aka ba ka na cin jarrabawa. Waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa, musamman bayan haɗewar 2021, saboda haka abin da wani ya faɗa maka game da horonsa na shekaru goma da suka wuce labari ne mai amfani, amma ba shi za a auna ka da shi ba. Ka kuma tabbatar cewa gurbin da kake nema kwalejin ta amince da shi a rubuce kafin ka fara, domin watannin da aka yi a wurin da ba a yi wa rajista ba kan iya tafiya a banza.

Mataki na biyu: shekarar asibiti da maganar lasisi

Kwalejojin biyu, ACVIM da ECVCN, suna son mai nema ya riga ya yi aƙalla shekara guda ta horon farko a asibiti, inda yake zagaya sashen gaggawa, tiyata, cututtukan cikin jiki da ɗakin kulawa ta musamman, ko kuma ya yi aikin jinya na tsawon lokacin da za a ɗauka daidai da hakan. Wasu suna ganin wannan sharaɗi jinkiri ne kawai ga wanda ya riga ya san abinci yake so. Ni ina ganin shi ne ginshiƙin komai. Dabbar da ake kira wa ƙwararren abinci ba kasafai take zuwa da cuta ɗaya ba. Kare ne mai ciwon ƙoda wanda kuma fankiriyas ɗinsa ya taɓa kumbura, ko kyanwa mai ciwon suga da tsakuwa a mafitsara, kuma abincin da ya dace da cuta ta farko yakan zama wanda ta biyu ba ta so. Wanda bai iya karanta sakamakon gwajin jini da na fitsari da kansa ba, bai kuma taɓa kwana a gefen dabbar da ke amai ba, ba zai iya yanke hukuncin cutar da za a fifita ba.

A cikin wannan shekara ka yi abubuwa biyu da gangan. Ka riƙa rubuta tarihin abinci da makin jiki, wato awon ƙiba ko ramar jiki, na kowace dabba da ka karɓa, ko da babu wanda ya sa ka, sannan ka nemi a ba ka damar sa robar ciyarwa da hannunka sau da yawa yadda zai yiwu. Idan akwai hali, ka nemi ziyarar mako biyu ko uku a wani sashen abinci na jami'a, domin fannin ƙarami ne, mutanensa sun san juna, kuma wanda aka taɓa gani yana aiki ya fi wanda takarda kaɗai ta gabatar.

Wanda ya yi digirinsa a makarantar da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ba ta tantance ba yana da ƙarin hanya a gabansa. Cikakken lasisin aiki a can yana bukatar bin ɗaya daga cikin shirye-shiryen daidaita shaida, ECFVG ko PAVE, tare da cin jarrabawar lasisi ta NAVLE, kuma wannan kan ɗauki lokaci da kuɗi masu yawa. Wasu jihohi suna ba da lasisi mai iyaka ga wanda yake aiki a cikin asibitin jami'a kaɗai, wasu kuma ba sa bayarwa. Haka nan ba kowace jami'a take ɗaukar nauyin biza ba. Waɗannan tambayoyi biyu, lasisi da biza, ka yi su a wasiƙarka ta farko, kada ka bari sai an gama ganawa.

Mataki na uku: zaɓen gurbi, wanda a gaskiya zaɓen malami ne

Jami'o'in da aka sani da sassan abincin jinya sun haɗa da Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Tufts, Cornell, Tennessee, Jami'ar Jihar North Carolina da ta Jihar Ohio a Amurka, da Guelph a Kanada, sai Ghent a Beljiyam, Utrecht a Holan, Munich da Balin a Jamus, Zurich a Suwizalan da Biyana a Ostiriya. Kasancewar sashen ba ya nufin akwai gurbi a kowace shekara. Sashe mai ƙwararru biyu kan ɗauki mutum ɗaya, sannan ya rufe ƙofa har sai wannan ya kusa gamawa, saboda haka mai nema yana bukatar ya sa ido a wurare da yawa lokaci guda.

Sunan jami'a yana da nauyinsa, amma wanda za ka zauna da shi kullum shi ne zai gina ka. Ka tambaya ƙwararru nawa ne a sashen, domin idan mutum ɗaya ne kuma ya bar aiki a tsakiyar horonka, horon naka zai tsaya cak sai an sami wanda zai karɓe ka. Ka tambaya nawa ne daga cikin waɗanda suka yi horo a wurin suka ci jarrabawa, kuma bayan shekara nawa. Ka nemi a haɗa ka da wanda yake horon a yanzu ku yi magana ku biyu, ka tambaye shi ko malamin yana zama ya duba lissafinsa layi bayan layi ko kuwa sa hannu kawai yake yi.

Abu na gaba shi ne irin dabbobin da sashen yake gani. Akwai sassan da mafi yawan aikinsu shawara ce daga nesa, inda likitoci suke aiko da takardun dabba a rubuta musu tsarin abinci. Wannan yana koyar da lissafi sosai, amma wanda ya yi shekara biyu a gaban kwamfuta bai taɓa dabbar da yake rubuta wa abinci ba zai fito da rauni a gefen gado. Akwai kuma sassan da suke zagaya ɗakin kulawa ta musamman kowace safiya, suna da ranar ganin masu dabbobi ido da ido, suna kuma gudanar da shirin rage ƙiba. Ka nemi wurin da ya haɗa duka, ko kuma ka tabbatar an tanadi watannin da za ka je wani asibiti ka cike abin da babu.

Da yawa daga cikin guraben nan kamfanonin abincin dabbobi ne suke biyan kuɗinsu. Wannan ba aibu ba ne a karan kansa, kuma ba don wannan tallafi ba da guraben sun fi haka ƙaranci. Sai dai ya kamata ka san wanda yake biya, ka tambaya ko akwai wani sharaɗi a kan binciken da za ka yi ko abincin da za ka ba da shawararsa, ka kuma saba tun yanzu da bayyana wannan dangantaka a duk lokacin da ka yi rubutu ko lacca. Albashin horon ba shi da yawa idan aka kwatanta da na likita mai aiki a asibiti mai zaman kansa, kuma mai iyali yana bukatar ya yi wannan lissafi da idon basira kafin ya amsa.

Mataki na huɗu: takardun nema

Yawancin guraben Amurka da Kanada suna bi ta tsarin haɗa masu nema da asibitoci da ake kira VIRMP, inda ake shigar da takardu a ƙarshen shekara, kowane ɓangare ya jera zaɓinsa bisa fifiko, sakamako ya fito a farkon shekara mai zuwa, a fara aiki a watan Yuli. Wasu guraben abinci ana tallata su kai tsaye, haka ma na Turai, don haka ka riƙa bibiyar sanarwar kwalejojin da ta ƙungiyoyin masana abincin dabbobi, AAVN a Amurka da ESVCN a Turai. Za a nemi sakamakon karatunka, tarihin aikinka, wasiƙun shaida aƙalla uku, da wasiƙar bayyana manufa. A wasiƙar manufa ka bar maganar son dabbobi, kowa yana da ita. Ka kawo dabba ɗaya da ka yi jinya, ka faɗi shawarar abincin da ka yanke, da dalilinka, da abin da ya biyo baya.

Mataki na biyar: watannin farko, inda ake koyon tambaya da awo

A shekarar 2011 ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ta fitar da ƙa'idojin da suka sanya duba yanayin abinci a matsayin abu na biyar da ake dubawa a jikin kowace dabba, bayan zafin jiki, bugun jini, numfashi da raɗaɗi. A horon ƙwarewa wannan dubawa tana zama sana'a mai zurfi. Idan ka tambayi mai kare abin da karensa yake ci, zai faɗa maka sunan buhu. Aikinka shi ne ka ci gaba da tambaya cikin ladabi har ka gano girman kofin da yake awo da shi, da wanda yake ba karen abinci idan shi ba ya gida, da abin da ake naɗe ƙwayar magani a ciki, da abin taunawa, da ragowar abincin mutane, da duk wani ƙarin bitamin ko mai da ake zubawa. Sau da yawa a cikin waɗannan ƙananan abubuwa matsalar take. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada abin marmari ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin rana, kuma da wuya ka sami gidan da bai wuce ba idan aka lissafa da gaske.

Sannan sai hannu. Ana ba jiki maki daga 1 zuwa 9, inda 4 zuwa 5 ya dace da kare, 5 kuma da kyanwa, kuma kowane maki sama da haka yana nuna kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarin nauyi. Ana shafa haƙarƙari da tafin hannu ba tare da dannawa ba, a duba ƙugu daga sama, a duba ciki daga gefe. Makin tsoka kuwa daban ne, ana neman sa a kan ƙashin baya, kafaɗa, ƙugu da gefen kai. Dabba tana iya zama da teɓa amma tsokarta ta zube, kamar yadda ake gani a tsofaffin kyanwoyi masu doguwar cuta, kuma wanda ya kalli sikeli kaɗai zai sa ta rage abinci alhali furotin take bukata.

Lissafin da za ka yi dubban lokuta shi ne na ƙarfin da jiki yake bukata a lokacin hutu: 70 sau nauyin jiki a kilo wanda aka ɗaga zuwa 0.75. Idan babu na'urar lissafi mai wannan maɓalli, ka ninka nauyin da kansa sau uku, ka ɗauki tushen murabba'i sau biyu. Kyanwa mai kilo 4 tana ba da 4 sau 4 sau 4, wato 64, tushensa 8, tushen 8 kuma 2.83, idan aka ninka da 70 sai a sami kilokalori 198 a rana. Kare mai kilo 10 yana ba da 394. Ga dabba mai lafiya ana ninka wannan adadi, kamar 1.6 ga babban kare da aka yi wa fiɗiya, ko 1.2 ga kyanwa irin wannan. Malami nagari zai nanata maka cewa wannan adadi mafari ne kawai, domin bukatar dabbobi biyu masu nauyi ɗaya tana iya bambanta da nisa, kuma sikelin da aka hau bayan mako biyu shi ne yake faɗin gaskiya.

A wannan lokaci ne kuma ake koyon karanta rubutun jikin buhu da gwangwani. A ɗauki misalin busasshen abinci mai furotin kashi 26 cikin 100 da kilokalori 3,600 a kowane kilo, da na gwangwani mai furotin kashi 8 da kilokalori 1,000 a kilo. Mai dabba zai ce na buhun ya ninka na gwangwanin sau uku. Idan aka mayar da su kan kilokalori 1,000, na buhun yana da giram 72, na gwangwanin kuma giram 80. Tunda dabba tana ci ne gwargwadon ƙarfin da take bukata, wannan ma'auni na biyu shi ne na aiki, kuma da shi ake kwatanta abinci da alkaluman da majalisar bincike ta Amurka, NRC, ta fitar a 2006, da na AAFCO, ƙungiyar jami'an kula da abincin dabbobi a Amurka, da na FEDIAF, ƙungiyar kamfanonin abincin dabbobin gida a Turai. Dole ka san inda waɗannan ukun suka bambanta da dalilin bambancin.

Mataki na shida: dabbar da ta daina ci

A nan ne ƙwararren abinci yake ceton rai kai tsaye, kuma a nan ya kamata ka kashe mafi yawan kuzarinka. Dabbar da ta yi kwana uku zuwa biyar ba ta cin abin kirki, idan aka haɗa da kwanakin da ta yi a gida kafin a kawo ta, tana bukatar taimako. Ga kyanwa abin ya fi gaggawa, musamman mai ƙiba, domin kitse yakan taru a hantarta har ta kasa aiki. Cusa abinci a baki da sirinji yana wahalar da dabba, yana iya sa ta shaƙe, yana kuma sa ta tsani abincin da ake so ta dawo ta ci, saboda haka roba ta fi.

Robar hanci siririya ce, ana sa ta ba tare da an sa dabba barci ba, amma abinci mai ruwa kaɗai take ɗauka, kuma ta 'yan kwanaki ce. Robar da ake shigarwa ta gefen wuya zuwa hanyar haɗiya tana bukatar ɗan gajeren barci, tana ɗaukar abincin gwangwani da aka markaɗa, tana iya zama makonni ko watanni, kuma mai dabba yana iya amfani da ita a gida. Wadda take shiga tumbi kai tsaye ta bangon ciki ba a cire ta sai ta yi kwana 10 zuwa 14, domin sai ramin ya haɗe da bangon ciki, in ba haka ba abinci ya zuba cikin kogon ciki. Ko wace iri ce, ana tabbatar da wurin da bakinta ya tsaya da hoto kafin a zuba ko ɗigo ɗaya, domin robar da ta bi hanyar iska kuskure ne mai kisa. Ciyarwa ta jijiya kuwa, da haɗin suga da sinadaran furotin da mai, ana ajiye ta ne ga dabbar da hanjinta ba zai karɓi abinci ba, kuma tana bukatar tsafta mai tsanani da sa ido dare da rana.

Mu koma kan kyanwar nan mai kilo 4. An sa mata robar hanci, abincin kuma yana da kilokalori ɗaya a kowace mililita. Ba za a ba ta 198 a ranar farko ba. Ana fara da kashi ɗaya cikin uku, mililita 66, a raba shi sau shida, wato mililita 11 kowane lokaci, mai ɗumi, a tura a hankali, a wanke robar da ruwa kafin da bayan. Rana ta biyu 132, ta uku 198, muddin babu amai ko yawan zubar da miyau. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne jikin da ya daɗe da yunwa, idan abinci ya shigo masa farat ɗaya, insulin yana tashi ya kwashe fosfaras da fotasiyam da maganiziyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, kuma faɗuwar fosfaras tana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Don haka ake gyara waɗannan sinadarai kafin a fara, a kuma sake auna su kullum a kwanakin farko. A da ana ninka adadin ƙarfin saboda rashin lafiya, yanzu kuwa an koma fara wa dabbar asibiti da adadin hutu kawai, saboda an ga cewa yawan ciyarwa yana da nasa haɗarin.

Mataki na bakwai: haɗa abincin gida da sasanta cututtuka

Wani bincike da aka buga daga Davis a 2013 ya duba tsarin girkin abincin kare guda 200 da aka samo daga littattafai da intanet, ya gano cewa kashi 95 cikin 100 sun gaza a aƙalla sinadari ɗaya na dole. Wannan shi ya sa haɗa abincin gida ya zama babban ɓangare na aikin sashen. Za ka koyi zaɓen tushen furotin da na sitaci da na mai, ka ciro alkalumansu daga rumbun bayanan abinci irin na ma'aikatar noma ta Amurka, ka cike giɓin kalsiyam da zinc da bitamin da sauransu, ka rubuta komai a giram, ka fayyace ko ɗanye ake aunawa ko dafaffe. Nama zalla yana da fosfaras mai yawa da kalsiyam kaɗan, kuma kwikwiyon da aka raina da shi ƙashinsa yakan yi laushi har ya karye. A ɗaya gefen, kwikwiyon manyan karnuka yawan kalsiyam ne yake lalata masa gaɓoɓi. Ita kyanwa kuma tana da nata bukatu da ba a yi mata sassauci a kansu: sinadarin amino asid mai suna torin, wanda binciken 1987 ya danganta rashinsa da raunin tsokar zuciya, da wani irinsa mai suna ajinin, da bitamin A wanda ba ta iya haɗa shi daga ganye.

Manhaja za ta yi maka lissafi, amma ka yi na farko-farko da hannu har ka fahimci abin da take yi. Sannan ka sani cewa masu dabbobi suna sauya tsari a hankali ba tare da mugun nufi ba, su daina zuba ƙarin sinadarin saboda ya ƙare, su musanya wani mai da wani. Tsarin da ba a sa masa ranar dawowa ba bai cika ba.

Sauran fagen yana da faɗi: rage fosfaras bisa matakan ciwon ƙoda na IRIS, ƙungiyar masana ciwon ƙodar dabbobi ta duniya, narkar da tsakuwar mafitsara irin sitirubait da abinci alhali ta kalsiyam okzalet ba ta narkewa, gwajin abinci na mako takwas ga kare mai ƙaiƙayi, rage tagulla ga karnukan da take taruwa a hantarsu, da rage ƙiba a hankali, kusan kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin kare a mako. Binciken da aka buga a 2002 a kan karnukan Labrador 48 ya nuna cewa waɗanda aka rage wa kashi 25 cikin 100 na abinci sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu, kuma hujja ce mai amfani a gaban mai karen da yake ganin ƙiba alamar kulawa ce. Za a kuma riƙa yi maka tambaya a kan ɗanyen nama, da kan abinci marar hatsi wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara bincike a kansa a 2018 saboda rahotannin ciwon zuciya a karnuka. Ka koyi faɗin inda hujja ta tsaya, ba ƙari ba ragi, ba kuma tare da raina mai tambaya ba.

Mataki na takwas: rajista, bincike da jarrabawa

Abin da ya fi jinkirta mutane bayan sun gama horo shi ne rubutun bincike. Ana bukatar a buga aiki a mujallar kimiyya mai tantancewar masana, kuma tsakanin samun izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi, da tattara bayanai, da rubutu, da amsa gyare-gyaren masu tantancewa, shekara biyu ba ta da yawa. Ka zauna da malaminka a wata na farko ku tsayar da tambaya ƙarama wadda za a iya amsawa da abin da ke hannu, kamar nazarin tsofaffin takardun asibiti ko awon wani sinadari a abincin da ake sayarwa, ka kuma ga masanin ƙididdiga kafin ka tattara ko lamba ɗaya. Babban buri ka ajiye shi ga digirin digirgir.

Rajistar dabbobin da ka yi jinya kuwa ka riƙa cike ta a ranar da ka gan su, tare da makonnin asibiti da sunan ƙwararren da ya kula da kai a kowane mako, da laccocin da ka gabatar. Idan ka ga dabba mai sarƙaƙiyar cuta da mai ita yake dawowa a kan lokaci, ka yi mata alama, ka tabbatar an ɗauki nauyi da makin jiki da gwaje-gwaje a kowace ziyara, domin irin wannan ce take zama rahoto mai ƙarfi idan kwalejinka ta nema.

Jarrabawar tana taɓa tushen ilimin, wato yadda jiki yake narkar da abinci da sarrafa kowane sinadari, da alamun ƙaranci da na yawa, da yadda ake sarrafa abinci a masana'anta, da dokokin rubutun jikin buhu, sannan ta zo kan jinya da lissafi. Ko da ƙananan dabbobi ka zaɓa, ka san bambancin da ke tsakaninsu da doki da dabbobi masu tuƙa, domin kwatanta jinsuna yana cikin asalin fannin. Ka ware sa'o'in karatu a kowane mako tun shekarar farko, ka haɗa ƙungiyar nazarin mujallu da takwarorinka na wasu jami'o'i ta intanet, tunda mai yiwuwa kai kaɗai ne a sashenka. Wanda ya ci yakan tafi koyarwa a jami'a, ko asibitin ƙwararru, ko kamfanin abinci, ko ya buɗe aikin shawara na kansa, kuma a Turai ana sabunta shaidar duk shekara biyar bisa hujjar cewa mutum yana ci gaba da aiki da karatu a fannin, saboda haka rajistar da ka saba cikewa a lokacin horo za ta ci gaba da yi maka amfani bayansa.